Kifin Aku da Kifin Dutse

A Bahar Maliya, wadda alhazan da su ka riƙa ƙetarewa daga Sawakin zuwa Jidda, akwai duwatsun murjani kusa da gaɓa. Waɗansu 'yan mitsi-mitsin halittu ne su ke gina su, kifaye kuwa nan su ke taruwa.

Mafi sauƙin ganewa shi ne kifin aku. Galibi kore ne da shuɗi, haƙoransa sun haɗu kamar bakin aku. Da su ya ke kankare dutsen, ya ci gansakuka, ya kasayar da yashi.

Amma kifin dutse ya fi cancanta ka sani. Mummuna ne ƙwarai. Ya kan kwanta a ruwa marar zurfi, ba motsi, sai ka rantse dutse ne. Duba sosai, ka ga 'yan idanu biyu da baki mai duban sama. A gadon bayansa akwai ƙayoyi 13 masu dafi, azabarsu ta kan sumar da ƙato, wani lokaci har ta kashe. Saboda haka kada ka shiga ruwan ba takalmi mai kauri. In wani ya taka shi, a tsoma ƙafar cikin ruwan zafi wanda fata za ta iya jimrewa, a hanzarta kai shi wurin likita.