Abura: Katakon da Ke Fitowa daga Fadamun Kudu

'Yan uwa ɗalibai, musamman 'yan sashen gine-gine da na aikin katako, yau ina so mu duba wata bishiya da muke taɓa katakonta amma ba mu san asalinta ba. Sunanta abura, suna ne na Yarbanci da ya bi ta har kasuwannin Turai.

Abura tana fitowa ne a dazuzzukan fadama masu ruwan daɗi, irin na yankin Neja Delta da wasu sassan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. Tsawonta kan kai mita 30, gangar jikinta a miƙe. Saboda ƙasar wurin cike take da ruwa, wasu saiwoyinta kan leƙo sama don su sami iska. Masana suna sa ta a jinsin Mitragyna, dangin bishiyar kofi. Ku san kuma 'yar uwar giyayya ce, wadda muke gani a fadamunmu na Arewa. Da faffaɗan ganyenta ake naɗe goro.

To, me ya sa kafintoci ke son ta? Katakon ba shi da nauyi sosai, kusan kilo 560 a kowace kubik mita idan ya bushe. Yana bushewa da wuri, yana karɓar fenti da gam, ga daɗin fiƙa. Shi ya sa ake kujeru, kabad da ƙofofin cikin gida da shi. Yana kuma jure wa asid, don haka aka daɗe ana yin akwatunan batir da teburan ɗakin gwaji da shi.

Amma fa a kula: abura ba ta jure wa gara da danshi. Wanda ya sa ta a rufin ɗaki ko a inda za ta taɓa ƙasa ba tare da magani ba, kuɗinsa ya tafi. Ƙurar katakon tana damun hanci da ido, sai a rufe su lokacin aiki.

Yawan sara da mayar da fadamu gonaki sun sa bishiyar tana raguwa. Shawarata ga masu aikin furojet: ku tambayi mai katako irin itacen da yake sayar muku, ku auna kafin ku yanka, ku ajiye abura don aikin cikin gida.