Miƙa Haɗi a Sadarwar Tafi-da-Gidanka: Nazari a Kan Sauya Tasha da Sauya Adireshi

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazari a kan miƙa haɗi, wato yadda na'urar da ke tafiya take barin wata tashar sadarwa ta koma wata ba tare da kira ko bayanai sun katse ba. An nuna cewa sauya turke a cikin layin kamfani ɗaya matsala ce ta zaɓen lokaci, amma sauya layi ɗungurungum matsala ce ta adireshi, kuma kowace da irin maganinta.

1.0 Gabatarwa

Sadarwar salula ta ginu ne a kan rarraba ƙasa zuwa ƙananan shiyyoyi, kowace da turken da ke kula da ita. Hikimar hakan ita ce a riƙa maimaita mita ɗaya a wurare masu nisa da juna, domin mitocin rediyo ba su da yawa. Sai dai wannan tsari ya zo da larura, domin mai tafiya dole ya ƙetare iyakokin shiyyoyin. Motar da ke gudun kilomita 100 a sa'a za ta ratsa shiyya mai faɗin kilomita 2 cikin daƙiƙa 72 kacal. Injiniya Amos Joel na ɗakin bincike na Bell da ke Amurka ya sami rajistar mallakar fasahar miƙa kira daga shiyya zuwa shiyya a shekarar 1972. A Nijeriya kuwa, inda GSM ya fara aiki a 2001, yawan katsewar kira na daga cikin ma'aunan da hukumar NCC take auna ingancin aikin kamfanoni da su.

2.0 Miƙa Haɗi a Cikin Layi Ɗaya

A tsarin GSM, wayar da ake kira da ita ba ta daina awo. Tana auna ƙarfin siginar turken da take kai da na maƙwabtansa, tana aika rahoto duk bayan milisakan 480, ɗauke da bayanin maƙwabta shida mafiya ƙarfi. Da wannan rahoto ne cibiyar kamfani take yanke hukunci, ta tanadi gurbi a sabon turke, sannan ta umarci waya ta koma can.

Wahalar tana wajen zaɓen lokaci. Idan aka yi jinkiri, sigina zai mutu kafin umarni ya isa ga waya, kira ya katse. Idan kuma aka yi gaggawa, wayar da ke bakin iyaka za ta yi ta kai-komo tsakanin turaku biyu, domin sigina na hawa da sauka saboda gine-gine da tuddai. Saboda haka ake gindaya sharuɗɗa biyu: sai sabon turke ya fi na yanzu ƙarfi da wata tazara da aka ƙayyade, kuma sai fifikon ya ɗore na wani ɗan lokaci. Tazarar da ta dace da mai tafiya a ƙasa a cikin kasuwa ba za ta dace da fasinjan jirgin ƙasa ba, don haka kowane yanki da irin saitinsa.

Miƙawar kanta iri biyu ce. Akwai saki-kama, inda waya ke sakin tsohon turke kafin ta kama sabo, kamar yadda ake yi a GSM. Akwai kuma kama-saki, inda take riƙe turaku biyu ko fiye a lokaci guda kafin ta saki mai rauni, kamar a CDMA da 3G. Kama-saki ya fi aminci, amma yana cin gurabe a turaku da yawa saboda waya ɗaya. Tsarin 4G ya koma ga saki-kama, sai dai an haɗa turaku maƙwabta kai tsaye, ta yadda tsohon turke zai tura wa sabo bayanan da ke kan hanya.

3.0 Sauya Layi da Matsalar Adireshi

Duk sauye-sauyen da aka ambata a sama ba sa taɓa adireshin intanet na waya, domin yana kafe ne a cibiyar kamfani. Lamarin kan canza idan ɗalibi ya fito daga ɗakin karatu, wayarsa ta bar Wi-Fi ta koma datar salula. A nan ta shiga wani layi daban, kuma za a ba ta sabon adireshi.

Tushen matsalar shi ne adireshin IP yana aiki biyu: shi ne sunan na'ura, shi ne kuma kwatancen inda take. Ƙa'idar TCP tana gane kowane haɗi da abubuwa huɗu, wato adireshi da lambar kafa na ɓangarorin biyu. Da zarar ɗaya ya canza, haɗin ya mutu, sai a sake ƙulla sabo. An tsara hakan ne a zamanin da kwamfuta ba ta motsawa daga inda aka girke ta.

4.0 Hanyoyin Warwarewa

Hanya ta farko ita ce ɓoye tafiyar. Ƙa'idar Mobile IP, wadda ƙungiyar IETF ta fitar a 1996, ta bai wa na'ura adireshi biyu: na gida wanda ba ya canzawa, da na masauki wanda ke bin ta duk inda ta sauka. Wani wakili a layin gida ne ke karɓar saƙonninta ya tura mata masauki. Illarsa ita ce zagaye, domin saƙo sai ya bi ta gida ko da mai aikowa yana kusa da masaukin.

Hanya ta biyu ita ce a raba haɗi da adireshi. Ƙa'idar Multipath TCP ta 2013 ta ba da damar haɗi ɗaya ya bi hanyoyi da yawa, ta yadda data za ta ɗauki nauyi idan Wi-Fi ya raunana. Kamfanin Apple ya sanya ta a manhajar Siri a wannan shekarar. Ita kuwa QUIC, wadda aka daidaita a 2021, tana bai wa haɗi lambar shaida ta kansa, don haka kwamfutar da ke ɗaya ɓangaren za ta gane shi ko da ya zo daga sabon adireshi, bayan ta tabbatar da sabuwar hanyar.

5.0 Kammalawa

Nazarin ya nuna cewa katsewar sadarwa a kan tafiya tana da tushe biyu. Katsewar kira a tsakanin turaku tana nuni ga saitin tazara da lokaci, ko ga giɓi tsakanin shiyyoyi, kuma gyaranta na wuyan kamfanin sadarwa. Katsewa a lokacin sauya layi kuwa tana komawa ne ga ƙa'idar da aka gina manhaja a kanta. Ya wajaba mai ƙirƙirar manhajar banki ko ta karatu daga nesa ya ɗauka tun farko cewa adireshin mai amfani zai iya canzawa a tsakiyar aiki, ya tanadi yadda aikin zai ci gaba daga inda ya tsaya.