Yadda Ake Kafa Zangon Su a Fadamar Baturiya

A biranen da ke bakin teku akwai ɗakunan katako da filayen kafa tanti, inda baƙo zai biya kuɗi ya kwana, da safe ya fita ya jefa ƙugiya. Mu teku ta yi mana nisa, amma kwana a bakin ruwa don kamun kifi tsohon abu ne a ƙasar Haɗejiya. Gabas da garin Haɗejiya, a ƙaramar hukumar Kirikasamma ta Jihar Jigawa, masunta kan bar gidajensu duk shekara su kafa bukkoki a fadamar Baturiya da kewayenta, su yi makonni ko watanni suna su, suna banda, suna aika kaya kasuwa. Su neman abinci ya kai su. Baƙon da yake son ya kwana biyu a cikinsu kuwa, dole ya bi hanyar da suke bi.

Abin da ake fara sani shi ne lokaci, kuma ruwa ne ke faɗarsa. Kogin Kano da Kogin Challawa suna haɗuwa kafin Wudil su zama Kogin Haɗejiya, Kogin Jama'are kuma yana gangarowa daga tsaunukan Jos. Da suka iso wannan yanki sai ƙasa ta shimfiɗe, ruwa ya rasa gangaren da zai bi da gudu, ya rarrabu rassa-rassa tsakanin tsofaffin tuddan yashi. Ambaliyar reshen Kafin Hausa ce ke cika tafkunan Baturiya. Ruwan yakan kai ƙarshen cikarsa wajen Agusta zuwa Satumba, lokacin da kifi ke bin sa cikin ciyawa ya yi ƙwai, 'ya'yan su sami abinci da maɓoya. A wannan lokaci kifi a warwatse yake, hanya ta yanke, sauro ya yi yawa, babu wanda zai gode wa kansa idan ya kafa zango. Sai ruwa ya fara ja, daga Oktoba zuwa Nuwamba, kifin da ya yi ƙiba a fadama ya juyo yana neman komawa kogi ta ƙananan mashigai. Nan ne masunta ke ɗaure kaya. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu shi ne lokacin da ya fi dacewa da baƙo: ƙasa ta fara bushewa, hunturu ya rage sauro, tsuntsayen Turai masu gudun sanyi sun sauka sun haɗu da na gida irin su kirinjijiya da ɗinya da zalɓe.

Na biyu shi ne neman izini, kuma wannan ne matakin da 'yan birni suka fi raina wa. Babu tafkin da ba shi da mai shi. Kowane ruwa yana ƙarƙashin wani gari, kuma akwai sarkin ruwa ko bulama da ke cewa yau a shiga, gobe kada a shiga. Baƙo zai sauka Haɗejiya, ya nemi ɗan gari da zai yi masa jagora, su tafi ƙofar mai gari da goro. A gaisa a tsanake, "Ranka ya daɗe, mun zo ne mu kwana biyu wajen masu su, idan an yarje mana." Shi zai tura su wurin sarkin ruwa, wanda zai faɗi inda za a sauka, da irin kayan da aka yarda a sa a ruwan, da abin da za a bayar, ko kuɗi ko wani kaso na kamu. Ba a ciniki mai zafi a nan. Wanda ya biya da sakin fuska, shi ake nuna wa mashigar da kifi ke bi.

Akwai kuma hukuma. Baturiya daɗaɗɗen gandun namun daji ne. A shekarar 2008 aka sa shi cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci ga duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, da faɗin hekta 101,095, sannan a 2020 Gwamnatin Tarayya ta amince a mayar da shi gandun daji na ƙasa da sunan dausayin Haɗejiya. Saboda haka sai a nemi ma'aikatan gandun a ji iyakar inda aka yarda a kwana da inda aka yarda a yi su. Bindiga da ɗanko da tarkon tsuntsu a bar su a gida.

Idan izini ya samu, sai zaɓen wuri. Ana neman tudu ne mai yashi, wanda ruwa bai hau ba ko a shekarar babbar ambaliya irin ta 2012 ko 2022. Masunta suna gane wannan ta jikin itatuwa: duk inda ruwa ya tsaya yakan bar zobe na laka da busasshiyar ciyawa a gindin giyayya ko gabaruwa, sai a hau sama da wannan alamar. Ana son inuwa kusa, amma ba a kafa bukka daf da kututturen goruba mai cunkoson kaba, don nan macizai ke fakewa. Ana duba burtali, domin da ruwa ya ja Fulani za su sauko da shanu, kuma wanda ya tare hanyar mashaya shi ya jawo wa kansa rigima. Ana duba gonakin mutane, don gefen fadamar duk shinkafa ce, bayan an yanke ta kuma a bi danshin da wake. A ƙarshe ana son bakin ruwa mai tauri inda za a ɗaure kwalekwale ba tare da an nutse cikin taɓo har gwiwa ba.

Ginin bukkar ba ya cin fiye da yini idan hannu ya yi yawa. A share fili, a zana da'ira da ƙafa, a haƙa ƙananan ramuka kewaye da ita. A kafa sanduna masu laushi, a lanƙwaso kawunansu su haɗu a tsakiya, a ɗaure da igiyar kaba. Sai a yi tanka, wato a kewaye sandunan da wasu a gicciye, hawa uku ko huɗu, don kada iska ta karkatar da su. A kan wannan ake jera zana ko busasshiyar ciyawa, a fara daga ƙasa a hau sama yadda kowane layi zai rufe kan na ƙasa da shi. Yanzu da yawa suna ƙara tamfol ko leda a ƙarƙashin ciyawar saboda raɓa. Ƙofa takan kalli kudu ko yamma, domin iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, kuma sanyin bakin ruwa da asuba ba irin na cikin gari ba ne. A ciki a kafa 'yan gwafanni huɗu, a jera kara a kai, a shimfiɗa tabarma: gado ya samu, an rabu da danshin ƙasa da kunama. A rataye gidan sauro tun rana ba ta faɗi ba. Murhu a waje yake, nesa da jinka, ta gefen da iska ke kwashe tartsatsi zuwa ruwa.

Baƙo ya zo da ruwan shansa ko ya tafasa na wurin, ya zo da bargo da tocila da maganin zazzaɓi. Kada ya yi wanka a tafkin da ruwansa ke kwance, saboda tsargiya. Masunta sun saba shiga don sana'a ta tilasta musu, amma cutar ba ta bar su ba.

Sun kansa da la'asar yake farawa. Mutum biyu su shiga kwalekwale, ɗaya yana tuƙi da gora, ɗaya yana sakin kalli, wato raga, a hankali a bakin ciyawa, a samansa 'yan abubuwa masu yawo a kan ruwa, a ƙasansa dalma. Kalli a ruwa yake kwana. Wasu kuma mamari suke shimfiɗawa, doguwar igiya mai ɗaruruwan ƙugiyoyi ba koto, a ja ta kusa da ƙasa inda tarwaɗa da ƙurungu ke kiwo da dare, duk wanda ya gifta ƙugiya ta kama shi a jiki. A mashigai ake ajiye gura, wato tarkon kifi, a zuba mata dusa a ciki, a danne ta da ƙasa. Kifi ya shiga ta ƙofar da ke tsukewa ciki, fita ta gagare shi.

Da an yi sallar asuba ake komawa. Wannan ita ce sa'ar da baƙo ya zo dominta, kuma abin da ake so daga gare shi kaɗan ne: ya zauna tsakiyar jirgi, kada ya miƙe, kada ya yi surutu. Mai jan kalli yana ɗagowa yana cire kifi ɗaya bayan ɗaya, karfasa da kawara da tarwaɗa, wani lokaci bargi. Ƙurungu sai an yi hankali da shi, ƙayoyinsa uku suna kafewa su sarƙe raga, kuma sukarsu tana da zafi, shi ya sa ake karya su tun a jirgi. Idan aka ga hannun masunci ya tsaya cak ya canja riƙo, to minjirya ce, wadda ke jan mutum kamar ya taɓa wayar lantarki. In rana ta ɗaga sai masu birgi, wato ragar jefawa, su fito, a tsaya a goshin jirgi a juya jiki a watsa shi ya buɗe ya faɗa a kan taron kifi. Hannu bai iya wannan a kwana biyu, don haka baƙo ya roƙi a ba shi ƙugiya da tana ya zauna bakin gaɓa, zai sami abin miya. Inda ruwa ya yi zurfi babu jirgi, za a ga mutum kwance a kan babban gora yana iyo da ƙafa, yana jefa abin da ya kama cikin bakin goran.

Abin da masunta na ƙwarai ba sa yi, kuma bai kamata baƙo ya yi shiru idan ya gani ba, shi ne zuba guba a ruwa, da jan gidan sauro a matsayin taru, da datse mashiga gaba ɗaya da shingen dumba yadda ko ɗan yatsan kifi ba zai wuce ba. Kifin da ya tsira ya koma kogi shi ne zai yi ƙwai baɗi. Wanda ya kwashe shi tun yana ƙarami ya cuci garuruwan da ke ƙasa da shi har Gashuwa, ya kuma cuci kansa.

Kifi ba ya jira. Kafin hantsi an kasa shi: na sayarwa ɗanye, wanda 'yan babur ke zuwa ɗauka su kai Haɗejiya, da na ci, da na banda. Ƙananan a shanya su a tabarma. Manyan a fasa ciki a wanke, tarwaɗa a lanƙwasa ta a soke wutsiya da kai da tsinke ta zama zobe. Wurin banda rami ne ko rabin durom da aka ɗora wa ragar waya. A hura wuta a ƙasa, a bari harshenta ya kwanta, sannan a jera kifi a rufe da tsohuwar tabarma ko kwano. Hayaƙi da zafi mai sauƙi ake so. Wuta mai ƙarfi takan ƙona baya ta bar ciki ɗanye, bayan kwana uku ya yi tsutsa. Ana juyawa, ana sauke wanda ya yi, gobe a sake mayar da shi, har ya bushe ya yi ƙara idan an ƙwanƙwasa. Sannan a jera a kwali a ɗaure. Masu fesa wa banda maganin ƙwari don kada ta lalace a hanya suna sa guba a tukwanen mutane ne, kuma bushewa mai kyau ta wadatar. Itacen banda abin damuwa ne ga gandun, domin gabaruwar da ake sarewa ita ce tsuntsaye ke kwana a kai. Busasshen reshe da kara da kashin shanu suna yin aikin.

Abincin zango ba shi da yawan iri: tuwo da miyar ɗanyen kifi, ko shinkafa, ko a gasa karfasa a barbaɗa yaji. Da rana matan Fulani kan biyo da nono da fura, sau da yawa a yi musaya da kifi. Baƙo ya taho da gero ko shinkafa, da man gyaɗa, da sukari da ganyen shayi, ya miƙa wa babban zangon tun ranar da ya sauka. Kwano ɗaya ake ci.

Zango ba ya zama wuri ɗaya har ƙarshe. Ruwa na ja, ana tuge sanduna ana bin sa. A da tsofaffi sun san ranar da kowane tafki zai rabu da kogi, amma tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 lissafin ya rikice. Ambaliyar damina ta ragu, ruwan da ake saki da rani kuma ya hana wasu rassan bushewa, sai ciyawar kachalla ta sami wurin zama ta toshe su. Inda ta cika, jirgi ba ya wucewa, kalli ba ya shimfiɗuwa, tsuntsun jan-baki kuma ya sami gidan da zai fito ya cinye shinkafa. Shi ya sa a yau kafa zango yakan haɗa da gayya: a shiga ruwa da lauje da adda a yanke kachalla ƙasa da fuskar ruwa don ta ruɓe, a buɗe hanyar jirgi. Wadda aka fitar a shanya ta, ta yi rufin bukka.

Wajen Maris zuwa Afrilu ƙananan tafkuna sun zama taɓo. Sarkin ruwa ya sa ranar da za a buɗe waɗanda aka hana taɓawa, gari ya fito da ragar homa a shiga tare. Bayan nan sai masu haƙar gaiwa, waɗanda ke bin busasshiyar laka suna neman ɗan ramin da take numfashi ta cikinsa. Daga nan a kwance tamfol, a naɗe kalli a kai gida gyara, a kashe wutar banda da ruwa a binne tokar, a tsince leda da guntayen raga don kada shanu su haɗiya ko tsuntsu ya sarƙe. A biya ta wurin sarkin ruwa da mai gari a yi sallama, a bar musu na miya, a kuma faɗa musu ko ana son wurin baɗi.