Ahmed Musa, Ɗan Wasan Ƙwallo

Duk wanda ya bi ta Panshekara da la'asar ya san abin da zai gani. Inda duk a ke da fili, akwai yara suna buga ƙwallo. Duwatsu biyu su ne raga. Waɗansu da takalmi, waɗansu ƙafa a ƙasa. Da dare kuwa sai ka tarar samari sun cika gidan kallo, bayan sun taso daga aiki a majemun Challawa, ko masana'antun Sharaɗa da Bompai. Suna ta gardama a kan ƙungiyoyin Ingila, sai ka ce a can aka yanke musu cibiya.

Da yawa daga cikinmu dattawa mun ɗauka ƙwallo aikin marasa aikin yi ne. Ga waɗansu haka ne. Amma ga waɗansu sana'a ce sosai. A kan ɗauki mutum aiki, a rubuta takarda, ya sa hannu, a riƙa biyansa albashi. In ya gaza a sallame shi, kamar yadda a ke sallamar lebura a masana'anta. Tun da 'ya'yanmu sun ƙwallafa rai a kan wannan sana'a, ya kamata mu san yadda ta ke. Bari mu karanta labarin wani wanda ya yi ta a nan Kano, har ta kai shi Ingila.

An haifi Ahmed Musa a Jos ran 14 ga Oktoba, 1992. Mahaifinsa ya rasu tun yana ƙarami, mahaifiyarsa ce ta rene shi. A Jos ya koyi ƙwallo, a wata makarantar koyon wasa da a ke kira GBS. Ba shi da girman jiki. Abin da Allah ya ba shi shi ne gudu. In ya ɗauki ƙwallo ta gefen fili ya zura, sai dai a bi shi da kallo.

Ya fara yi wa ƙungiyar JUTH ta Jos wasa. A shekarar 2009 ya zo Kano Pillars, watau Masu Gida, waɗanda ke wasa a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. A kakar wasa ɗaya ya jefa ƙwallo 18 a raga. Kafin shi ba wanda ya taɓa cin haka a babbar gasar ƙungiyoyin Nijeriya, ga shi kuwa bai cika shekara 18 ba. A shekarar Pillars ta zo ta biyu, bayan Enyimba ta Aba.

Labari ya kai Turai. Wata ƙungiya mai suna VVV, a garin Venlo na ƙasar Holan, ta neme shi a 2010. To, a nan sai mu lura da kyau. An gama ciniki, amma bai fara wasa nan da nan ba. Hukumar ƙwallo ta duniya, FIFA, tana da doka: ba a ɗauke yaro daga wata ƙasa zuwa wata don wasa sai ya cika shekara 18, in ban da waɗansu dalilai kaɗan. Tilas aka jira ran 14 ga Oktoba ta zo. Yaya aka san ranar? Domin an rubuta ta. Da a ce an tambaya an ce, "An haife shi shekarar da aka yi fara," da ba wanda zai saurara. Mu nawa ne a ajin nan muka karɓo wa 'ya'yanmu takardar haihuwa?

Bai daɗe a Holan ba. A watan Janairu na 2012 ƙungiyar CSKA ta birnin Mosko ta saye shi. Rasha ƙasa ce mai tsananin sanyi. Sanyin Jos, wanda mu Kanawa mu ke tsoro, wasan yara ne a wurinta. Ƙanƙara ta kan rufe ƙasa wata da watanni. Harshensu dabam, har baƙaƙen rubutunsu ma ba irin na boko ba ne. Ya daure. Ya yi shekara huɗu da rabi a can, suka ci gasar ƙasar sau uku, a 2013 da 2014 da 2016.

Yana can kuma yana yi wa Nijeriya wasa, tun daga 2010. Yana cikin waɗanda suka ɗauko kofin Afirka a 2013 a ƙasar Afirka ta Kudu, ƙarƙashin mai horarwa Stephen Keshi. A 2014 aka yi gasar kofin duniya a Brazil. Nijeriya ta haɗu da Ajantina. Messi ya ci a minti na uku, kafin mutane su gama zama Ahmed Musa ya rama. Messi ya ƙara, Ahmed ya sāke ramawa. An ci Nijeriya 3 da 2, amma shi ne ɗan Nijeriya na farko da ya ci biyu a wasa ɗaya a wannan gasa.

Sai Ingila. A watan Yuli na 2016 ƙungiyar Leicester City ta saye shi, aka ce kuɗin ya kai wajen fam miliyan 16. Kada mu ruɗe. Wannan kuɗi ba aljihunsa ya shiga ba, ƙungiyar Mosko aka biya don ta sake shi. Nasa shi ne albashi, bisa ga takardar da ya sa wa hannu ta shekara huɗu.

A Leicester ya tarar da wani Bature mai suna Jamie Vardy, wanda labarinsa ya kamata samarinmu na masana'anta su ji. An haife shi a Sheffield a 1987, garin maƙera ƙarfe. Yana da shekara 16 ƙungiyar Sheffield Wednesday ta sallame shi. Sai ya kama aiki a wata masana'anta inda a ke yin abin tallafe ƙafa na masu ciwo. Da rana aiki, da yamma wasa a wata ƙaramar ƙungiya mai suna Stocksbridge, wadda ke ba shi fam 30 a mako. Haka ya yi ta yi shekara da shekaru. Sai da ya kai shekara 25, a 2012, Leicester ta saye shi fam miliyan ɗaya. A 2015 ya ci ƙwallo a wasa 11 a jere, a 2016 kuma Leicester ta ci gasar Ingila, abin da ba ta taɓa yi ba. Ya bar ƙungiyar a 2025, bayan ya yi mata wasa 500 ya ci ƙwallo 200. Amma fa mu tuna, yawancin shekarun nan da ya ke jira yana haɗa ƙwallo da aikin masana'anta.

Shi kuwa Ahmed Musa, Ingila ba ta karɓe shi ba. Ya fara da kyau, don kuwa ya ci Barcelona biyu a wasan sada zumunci tun zuwansa. Amma da aka shiga gasa sosai sai abu ya ƙi. Mutum 11 kaɗai ke fara wasa, ga Vardy da waɗansu gwanaye a gabansa. A duk kakar nan ƙwallo biyu ya ci a gasar. A watan Fabrairu na 2017 aka sallami Claudio Ranieri, mai horarwar da ya kawo shi. Daga nan sai zaman benci. Mutumin da dubban mutane ke kiran sunansa a Ƙofar Mata, ga shi yana zaune yana kallo kamar ɗan kallo. Albashinsa dai bai tsaya ba, gama yana rubuce a takarda.

A watan Janairu na 2018 aka mai da shi Mosko aro. Wannan komawa ta yi masa rana. Cikin watan Yuni na shekarar aka yi gasar kofin duniya a Rasha, ƙasar da ya sani. A garin Volgograd Nijeriya ta ci Iceland 2 da nema, shi ya ci duka biyun. Ƙwallayensa a kofin duniya suka zama huɗu ke nan, ba ɗan Nijeriya da ya kai haka.

Bayan wannan ya tafi Al-Nassr ta Riyad a ƙasar Saudiyya, suka ci gasar ƙasar a 2019. A wannan shekara mahaifiyarsa ta rasu. A watan Oktoba na 2020 suka rabu da ƙungiyar, ya yi wata shida ba shi da wurin wasa. Ya dawo Kano Pillars a watan Afrilu na 2021, ya wuce Turkiyya, ya sāke dawowa Pillars a 2024. A 2025 gwamnatin Kano ta naɗa shi babban manajan ƙungiyar. Ya yi wa Nijeriya wasa fiye da sau 100.

Mu ƙidaya ƙasashen da ya zauna don wannan sana'a: Holan, Rasha, Ingila, Saudiyya, Turkiyya. Ko wacce sai da takarda: fasfo, da izinin shiga, da izinin aiki, da yarjejeniyar albashi. Sana'ar kuma gajeriya ce. Manomi ya kan yi noma har furfura, majemi ma haka. Ɗan ƙwallo kuwa yana wuce shekara 35 ƙafa ta fara nauyi, in ma karaya ba ta riga ta tsai da shi ba. Ahmed Musa ya san haka. Tun a 2017, yana tsakiyar samu, ya buɗe gidan wasanni da motsa jiki a Hotoro, da gidan mai a cikin Kano.

Akwai kuma macuta. Wani zai zo da mota mai kyau, ya ce shi dillalin 'yan wasa ne, zai kai ɗanka Turai. Ya ce a kawo kuɗin jirgi da na biza. Uba ya sayar da gona ko fuloti ya bayar. Wani dillalin ya ɓace da kuɗin. Wani ya kai yaron wata ƙasa ya yar da shi, ba ƙungiya, ba kuɗin dawowa. Mun ga yadda aka yi da Ahmed Musa: ƙungiyar da ke sonsa ita ta biya, ba danginsa ba. Saboda haka in an kawo maka takarda, Malam, kada ka dangwala yatsa don an ce ka yi sauri. Karanta da kanka. Nemi sunan ƙungiyar, da yawan albashi, da yawan shekaru. In da Turanci ta ke, kai wa malamin aji ko wani amintacce ya fassara maka. Sa'an nan ka tafi ofishin hukumar ƙwallo ta jiha ka tambaya ko sun san mutumin.

Tambayoyi

1. A wace shekara aka haifi Ahmed Musa? Shekararsa nawa sa'ad da ya tafi Ingila?

2. Don me bai fara wasa a Holan nan da nan ba?

3. Vardy yana samun fam 30 a mako. Nawa zai samu a mako 12?

4. Rubuta sunan ɗanka ko 'yarka, da rana da wata da shekarar haihuwa. Kawo wa malami gobe.