Kafin ki miƙa goshinki ga allurar Botox

Abin da ake zuba wa mutum a allurar Botox guba ce da ƙwayar cutar Clostridium botulinum ke fitarwa, an tace ta an rage ta ƙwarai. Aikinta ta hana saƙon jijiya isa ga tsoka, sai tsokar ta saki, tamojin da ke samanta ya kwanta. A 2002 hukumar FDA ta Amurka ta amince a yi amfani da ita kan layukan da ke tsakanin gira.

Ki sani ba kowane tamoji take gyarawa ba. Na goshi da gefen ido, waɗanda ɗaure fuska da dariya ke jawowa, su ne nata. Fatar da ta saki saboda shekaru ko rana, yi mata allurar asarar kuɗi ce kawai. Allurar tana fara aiki cikin 'yan kwanaki, ta cika a mako biyu, bayan wata uku zuwa huɗu kuma tamojin ya dawo, a sake biya.

Inda na fi jan kunne shi ne hannun da zai yi ta. Kuskure kaɗan, fatar ido ta sauko ta yi makonni a haka. A 2024 an kwantar da mutane a asibiti a Amurka bayan an yi musu allurar jabu ko a hannun marasa lasisi. Ki nemi likitan fata, ki ce a nuna miki kwalbar, a Najeriya ki duba lambar NAFDAC. Mai gyaran gashi ba likita ba ce.

Mai ciki, mai shayarwa da mai ciwon raunin tsoka su haƙura. In haɗiya ko numfashi ya yi wuya bayan allurar, a garzaya asibiti.