Gasar Kamun Kifi a Hunturun Ingila: Mai Kame Hannu Ke Cin Riba

Duk wanda ya taɓa ganin bikin Argungu ya san yadda gasar su take a wurinmu: dubban masunta su afka kogin Matan Fada da homa da gora, ruwa ya hargitse, kafin a jima a fito da ƙaton giwan ruwa ana kirari. Matafiyin da ya isa bakin wani tafki a Ingila cikin watan Janairu da wannan hoton a ransa, abin da zai tarar zai ɗaure masa kai. Mutane ne jere a gaɓa, kowa zaune kan akwatinsa a gurbin da aka buga wa lamba, tururi na fita daga bakinsa, doguwar sanda a kan cinyarsa, ya kafa ido kan wani ɗan tsinke da bai fi kan ashana ba a saman ruwa. Shawarata ga ɗalibi ko ma'aikaci ko baƙon da yake son shiga wannan sahu guda ɗaya ce: ya koyi kame hannunsa. A wannan gasa, mai yawan zuba wa kifi abinci da mai hangen babban kamu su ne ke tashi da raga fayau.

Kame hannun yana farawa tun kafin a taɓa ruwa. Duk wanda ya kai shekara 13 sai ya mallaki lasisin kamun kifi na Hukumar Kula da Muhalli, ana sayensa ta intanet, na kwana ɗaya ko na kwana takwas ko na shekara, kuma tarar wanda aka kama ba shi da shi takan kai fam 2,500. Lasisin bai ba ka izinin zama a tafkin wani ba; sai ka kira masu wurin ka kama gurbi. Tafkuna irin su Lindholme Lakes kusa da Donkasta da Decoy Lakes kusa da Fitaboro sun shahara da shirya gasa, ƙungiyar Angling Trust kuma tana gudanar da gasar hunturu ta ƙungiyoyi. Da safe ake jefa ƙuri'a, kowa ya zaro lambar gurbinsa, a busa usur, a yi kamar awa biyar, a sake busawa. Kifin da ka kama yana zaune da ransa cikin doguwar raga a ruwa har masu sikeli su iso, su auna da laba da oza, a mayar da shi. Yawancin tafkunan ba sa yarda da ƙugiya mai ƙaya, da yawa kuma sukan sa a tsoma raga cikin maganin kashe cuta. Tun 1987 aka haramta yawancin ƙananan dalma da ake nauyaya zare da su, saboda tsuntsayen ruwa suna haɗiya su mutu. Ɗaukar kifi zuwa gida ba da yardar mai tafki ba kuwa sata ce a idon doka. Matambayi ba ya ɓata: ka nemi dokokin wurin ka karanta tun kafin ranar gasa.

Dalilin da ya sa tsimi ke cin gasa yana cikin jikin kifin ne. Zafin jikinsa na bin na ruwan da yake ciki, don haka idan ruwa ya sauka zuwa digiri huɗu ko biyar, motsinsa ya ragu, narkar da abincinsa ya ragu, ƴar loma kaɗan ta ƙosar da shi. Kifayen sukan dunƙule wuri guda, sau da yawa a inda ya fi zurfi ko gindin ciyawa, ruwan kuma ya yi garau har su riƙa ganin zare mai kauri su kauce. Wanda ya watsa abinci cike da tafin hannu a minti na farko ya ƙosar da ƴan kifayen da ke gabansa, kuma abin da aka zuba a ruwa ba ya kwasuwa. Gwanaye ba haka suke yi ba. Sukan fara da auna zurfi da ɗan ƙarfe a bakin ƙugiya, su zaɓi wurare biyu ko uku, su ƙirga tsutsa biyar ko shida cikin ɗan kofin da ke kan sanda, su juye daidai inda za su sa ƙugiya, sannan su jira. Kaurin zarensu bai fi milimita 0.10 ba, ƙugiyar mai lamba 18 ko 20, abin da ke jikinta tsutsa ɗaya ko ɗan ɓallin burodi kamar ƙwayar gero. Ba sa ƙara abinci sai kifi ya nuna yana so. Tsinken ma ba nutsewa yake yi gaba ɗaya ba; sau da yawa ɗan dusawa zai yi kaɗan, wanda ya waiga a lokacin ya rasa.

Wani zai ce ai wannan wahalar banza ce, tunda kifi ɗaya na irin da suke kira kaf zai iya rinjayar ƙananan kifaye hamsin na irin roci a sikeli. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma akwai ranakun da iska mai ɗumi ta kaɗo daga kudu maso yamma, manyan su tashi cin abinci, mai neman su ya yi nasara. Amma a ranar da raɓa ta daskare a kan ciyawa, kaf kan kwanta ya ƙi motsi, mai jiransa ya kai ƙarshen gasa bai ga cizo ko ɗaya ba, alhali maƙwabcinsa ya tara laba uku da ƴan kifaye kamar yatsa. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Hanyar da ta fi ita ce ka tara ƙananan tukuna, ka ajiye wuri guda da ƴar masara kaɗan don manyan, ka leƙa shi a awar ƙarshe, lokacin da haske ya fara raguwa kuma suka fi sakin jiki. Wani kuma zai ce ƙuri'a ce ke yanke komai, wanda ya zaro gurbin da kifi ya taru shi ke ci. Lallai gurbi yana da tasiri a hunturu fiye da kowane lokaci. Shi ya sa ake raba gaɓa rukuni-rukuni, a gwada ka da maƙwabtanka na kusa, kuma a nan ne ake ganin bambanci: mummunan gurbi a hannun mai tsimi yakan ba da wani abu, kyakkyawan gurbi a hannun mai gaggawa yakan lalace cikin rabin awa.

Sai dai haƙuri ba ya zama a jikin da sanyi ya ci. Wanda ya saba da jaurar Kano ko Damagaram kada ya ɗauka ya san sanyi. Na can mai laima ne, yana ratsa tufa, kai kuwa a zaune kake ba motsi. Ka sa riguna kashi-kashi, ta waje wadda ruwa ba ya ratsawa, da hula mai rufe kunne, da takalmin roba mai ɗumi, ka riƙe shayi a fulas da tawul na goge hannu. A watan Disamba rana takan faɗi kafin ƙarfe huɗu, azahar da la'asar su matso juna, don haka ka yi alwala tun daga masauki, ka duba lokutan salla, ka fitar da ƙugiyarka daga ruwa idan za ka tashi. Ka ɗaga kai ka duba wayoyin lantarki kafin ka haɗa sanda, domin tsawonta kan kai mita 13 zuwa 16 kuma wuta na bin ta. Ana ba da shawarar a ba wayoyin tazarar mita 30. Kada ka taka ƙanƙarar da ta rufe tafki, ka kuma wanke hannu kafin cin abinci, saboda fitsarin ɓera a gaɓa na ɗauke da cuta.

Saura tambayar da ta fi damun Bahaushe: ina amfanin kifin da ba za a ci ba? Amsar tana cikin tafkin kansa. Kifin da aka mayar yau shi za a sake kamawa mako mai zuwa, da shi mai tafki ke riƙe sana'arsa, kuma baƙon da ya mutunta wannan shi ake gayyata karo na biyu. Batun kuɗi ma haka: ba dole ne baƙo ya sayi kayan dubban fam ba, gajeriyar sanda da raga na aro sun isa a fara. Kuɗin gurbi daban yake da wanda ake tarawa a raba wa waɗanda suka ci. Mai shakka a kan na biyun ya tambayi mai shirya gasa ko za a ɗauke masa. Idan masu sikeli suka iso gurbinka da yamma, ka ɗago raga da yatsu a sandare, ko laba biyu aka rubuta maka, ka san ba ƙarfi ne ya ba ka su ba. Tsutsar da ka hana kanka zubawa da safe ce ta dawo maka a sikeli.