Yadda Mai Harhaɗa Magunguna Zai Zaɓi Hanyar Ƙaro Karatu

Wanda ya gama digirin farko na harhaɗa magunguna a Nijeriya, B.Pharm na shekara biyar ko PharmD na shekara shida, idan ya so ƙaro karatu a kan kula da majinyata da binciken magani, hanyoyi uku yake tararwa: digiri na biyu da na digirgir a jami'a, ko horon ƙwararru na Kwalejin Masu Harhaɗa Magunguna ta Afirka ta Yamma, ko fita waje. Galibi da sunan takarda ake fara shawara, wacce ta fi kwarjini, wacce ta fi saurin kawo ƙarin girma. A ganina an juya jerin. Tambayar da mutum yake son amsawa game da magani da marar lafiya ita ce ta fari, domin ita ke nuna hanyar da za a bi, da malamin da za a nema, da ko tafiya waje ta zama dole.

Matakin farko babu zaɓi a cikinsa: shekara guda ta sanin makamar aiki, jarrabawar hukumar PCN mai kula da masu harhaɗa magunguna, rajista da lasisi, sannan hidimar ƙasa. Da yawa suna ɗaukar lokacin a matsayin zaman jira, alhali a nan ake tsintar tambaya. Wanda ya bar tagar ba da magani ya bi likitoci zagayen ɗakin kwanciya zai ga abin da aji bai nuna masa ba. Ga tsohuwa ana yi mata allurar jentamaisin kwana biyar, takardar gwajin ƙoda tana maƙale a bayan fayil tana nuna aikin ƙodar yana ja da baya, amma ba a rage yawan maganin ba. Ga dattijo mai hawan jini, an ƙara masa magani sau biyu jinin bai sauka ba, sai da aka zazzage ledarsa aka ga kwalin diklofenak da yake saya a kemis saboda ciwon gwiwa. Irin waɗannan ake rubutawa a ajiye, ba tare da sunan kowa ba, har a ga wanne ne yake maimaituwa.

Sai a wasa tambayar har ta zama wadda za a iya aunawa. "Matsalar hawan jini a Arewa" take ne, ba ya da amsa. Dubi binciken CREOLE da aka buga a 2019, wanda Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka shida. Haɗin magunguna biyu-biyu iri uku aka gwada, aka tarar haɗin da ke da amlodifin ya fi saukar da jini a kan wanda babu shi. Ko binciken SPRING da aka yi a asibitocin Kano da Kaduna, aka buga a 2022: yara 220 masu sikila waɗanda ke cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki, aka ba wasu haidiroksiyuriya miligiram 10 a kan kowane kilo, wasu 20, ba a ga bambanci ba wajen hana shanyewar. Ɗalibin digiri na biyu ba zai yi aiki mai wannan girman ba, amma siffar tambayar ita zai koya: wane magani, nawa, ga su wa, me za a auna, zuwa yaushe.

Da tambaya a hannu, zaɓin hanya ya yi sauƙi. Idan abin da ke damun mutum shi ne yadda zai gyara maganin majinyacin da ke gabansa yau, horon kwalejin nan mai hedikwata a Yaba ta Legas ya fi dacewa da shi. Ana yin sa ana bakin aiki, jarrabawa mataki-mataki, a rufe da kundin bincike, kuma takardarta ce ake dubawa wajen muƙamin ƙwararren mai ba da shawara. Idan kuwa yana son sanin dalilin da ya sa magani ya yi wa wannan aiki ya ƙi wancan, ko yana son ƙirga tasirinsa a kan dubban mutane, to jami'a ce gidansa. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da sashen wannan fanni na kula da majinyata da binciken magani, haka manyan jami'o'in Ibadan da Nsukka da Benin. A nan zai koyi yadda jiki ke sha da rarrabawa da fitar da magani, da lissafin ƙididdiga, da tsarin gwaji. Mai niyyar koyarwa ba shi da mafita sai digirin digirgir. Ana iya haɗa hanyoyin biyu, sai dai wanda ya kama su lokaci guda yakan bar ɗaya a rataye.

Kafin a sayi fom, a nemi malami. Sunan jami'a ba ya duba babi. A karanta abin da malamin ya buga a shekarun nan, a tambayi ɗalibansa na baya tsawon lokacin da suka ɗauka, a kuma tabbatar yana da ƙafa a asibitin koyarwa, don binciken magani ba ya yiwuwa inda ba a isa ga majinyata da fayilolinsu ba. A aika masa shafi biyu masu ɗauke da tambayar da yadda za a amsa ta. Takardar sakamakon jarrabawa daga tsohuwar makaranta kuma a neme ta da wuri, tana iya cin watanni.

Matakin da ɗalibai suka fi ƙosawa da shi shi ne izinin kwamitin ɗa'ar bincike, kuma shi ne bai kamata a gaggauta ba. Mutanen Kano sun san dalili. A annobar sanƙarau ta 1996 kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a kan yara kimanin 200, rabi aka ba su shi, rabi wani maganin, goma sha ɗaya suka rasu. Iyaye suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, kamfanin ya musa, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin jihar a 2009 a kan dala miliyan 75. Yau ko tsofaffin fayiloli za a duba sai kwamitin asibiti ya amince, gwajin magani kuma sai da izinin NAFDAC. A aikace, takardar neman yarda za a rubuta ta da Hausar da mai jinya zai gane, a karanta wa wanda bai iya karatu ba a gaban shaida, ya dangwala yatsa, a kuma faɗa masa a fili cewa in ya ƙi ba za a hana shi magani ba.

Wani zai ce duk wannan wahala ce, a fita waje kawai. Akwai gaskiya a ciki: wanda tambayarsa ke buƙatar auna magani a cikin jini ko binciken ƙwayoyin halitta yakan rasa na'ura da wuta a gida, kuma tallafin Commonwealth don irinsa aka yi. Amma a san abin da ake saya. Digiri na biyu a Ingila ba lasisin aiki ba ne, sai an yi kwas ɗin OSPAP na shekara guda, da shekarar horo, da jarrabawar rajista. A Amurka ma sai an ci jarrabawar tantance baƙi, an cika awoyin horo, an ci jarrabawar lasisi ta NAPLEX. Kuma majinyatan sikila da zazzaɓin cizon sauro a nan gida suke da yawa, shi ya sa masana na Jami'ar Vanderbilt suka haɗa gwiwa da na Kano a binciken SPRING.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi: bayan an sha wuya, wa zai saurara? Gwamnatin tarayya ta amince da muƙamin ƙwararren mai ba da shawara ga masu harhaɗa magunguna, ƙungiyar likitoci ta ja, aiwatarwa tana tafiyar hawainiya. Ba zan ce takarda za ta warware wannan ba. Abin da za a iya cewa shi ne likitan da ke zagaye da safe yana iya ƙin jin muƙami, amma da wuya ya yi watsi da wanda ya nuna masa lissafin aikin ƙoda da adadin da ya kamata a rage. Saboda haka matakin ƙarshe, bayan an kare kundi, shi ne a kai sakamakon gaban kwamitin magunguna na asibitin da aka yi aikin, da shawara ɗaya takamaimiya a rubuce, sannan a tura wa mujalla, a guji waɗanda ke karɓar kuɗi su buga cikin mako guda ba tare da masana sun duba ba.